Idan yaronku zai shiga badujalar makaranta a Amurka: jagora ga iyaye

A yawancin makarantun gwamnati na Amurka, yaro na dab da gama aji 5 ake miƙa masa takardar zaɓen darasi ya kai gida a sa hannu, galibi tsakanin Fabrairu da Mayu. A cikinta akwai darussan ganin dama da zai ɗauki ɗaya ko biyu idan ya shiga makarantar tsakiya, wato aji 6 zuwa 8, 'yan shekara 11 zuwa 14. Akwai zane, akwai waƙar baki ta rukuni, akwai kayan tsirkiya, sannan akwai badujala, wadda za ku ga an rubuta Band ko Beginning Band. Wasu gundumomin tun aji 4 ko 5 suke farawa. Iyayenmu da yawa sukan rattaba hannu ba tare da sun karanta ba, wasu kuma da sun ji an ambaci kiɗa sai su soke nan take. Duka biyun gaggawa ce. Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne, ɗorewar yaro a wannan aji a gida ake yanke ta, kuma uba ko uwar da ba su taɓa karanta rubutun kiɗa ba su ne ke riƙe da ita.

Ku gama shawara kafin alƙalami ya taɓa takarda

Badujala a makarantar Amurka darasi ne da ke cikin jadawali. Ana shiga kullum ko rana bayan rana, wajen minti 45 zuwa 50, akwai gwaji, kuma makinsa na fitowa a takardar sakamako kusa da na lissafi. Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015 ta ambaci kiɗa cikin darussan da ke cika ilimin yaro. Al'adar ta daɗe a ƙasar: tun 1923 aka yi gasar badujalar makarantu ta ƙasa ta farko a Chicago.

A wajenmu kiɗa sana'ar gado ce, gidan da ba na makaɗa ba kuwa ba ya son a ce ɗansa ya ɗauki ganga. Wannan tsoron ba shi da wurin zama a nan, domin yawancin yaran da ke busa a aji 6 likitoci da injiniyoyi da direbobi za su zama, ƙalilan ne ke mayar da abin sana'a. Maganar addini ita ce mai nauyi. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, ni kuwa ba mai ba da fatawa ba ne. Ku tambayi malamin da kuka yarda da iliminsa, uba da uwa su zauna su yi magana ɗaya, a gaya wa yaron dalili. Idan amsar a'a ce, ku faɗa masa tun a watan Maris ya zaɓi wani darasin da zuciya ɗaya. Abin da ba na so shi ne a bar yaro ya fara, ya saba da abokai, ya iya busa, sannan a watan Nuwamba wani baƙo ya zo gidan ya yi magana a cire shi. Canjin darasi a tsakiyar zango yana da wuya, makinsa zai taɓu, ransa kuma zai ɓaci fiye da yadda kuke zato.

Yaron da bai daɗe da zuwa ƙasar ba yakan sami ajin ƙarin Turanci ya faɗo daidai lokacin badujala. Ku je wurin jami'in da ke tsara wa ɗalibai jadawali ku tambaya ko akwai yadda za a haɗa biyun. Idan Turancin bai zauna muku ba, ku nemi tafinta. Haƙƙinku ne makaranta ta yi muku bayani da harshen da kuke ji, ba tare da kun biya ba. Ina ƙarfafa wannan domin ajin badujala na cikin wurare kaɗan da yaron da Turancinsa bai nuna ba zai tashi kafaɗa da kafaɗa da sauran, tunda kowa daga sifili ya fara.

Zaɓen abin busa

Makarantu da yawa kan sa wani yammaci, ko safiyar Asabar, da za a baje kayan a ɗakin taro yara su gwada ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tura yaro shi kaɗai. A nan malamin badujala zai duba leɓensa, haƙoransa, tsawon hannunsa da faɗin yatsunsa, ya tafa wani kari ya ce yaron ya maimaita, ya rera sauti biyu ya tambaye shi wanne ya fi tashi sama.

Kayan gida uku ne. Gidan farko su ne filut, kilarinet, saksofon, obo da basun. Filut ita ce sarewar ƙarfe da ake riƙewa a karkace. Ba ta da nauyi, ba ta cin kuɗin kulawa, amma fitar da sautin farko kan ba yara wuya, har jiri kan ɗebe su a makonnin farko saboda yawan iskar da ke tafiya a banza. Yaron da ke iya busa bakin kwalba ta yi ƙara ya kama hanya. Kilarinet baƙa ce, ana busa ta da ɗan siririn fallen kara da ake ɗaurewa a bakinta, sunansa rid. Sharaɗinta yatsu su iya rufe ramukan ruf. Saksofon shi yara suka fi rububi, shi ya sa malamai ke ƙayyade yawan masu ɗaukarsa, kuma ya fi sauran tsada. Wasu makarantun sai yaro ya yi wata shida ko shekara a kilarinet kafin a matsar da shi can. Obo 'yar'uwar algaitarmu ce, rid biyu a haɗe ake busawa, basun kuma babban yayanta mai kauri. Su biyun suna son yaro mai haƙuri da kunne, rid ɗinsu ma da ɗai-ɗai ake saye da tsada.

Gida na biyu na tagulla ne: turampet, hon, turombon, yufoniyom da tuba. A nan leɓe ne ke yin sautin. Yaro zai haɗe leɓɓansa ya hura su yi rawa a cikin ɗan kofin ƙarfe. Turampet fistin uku gare ta, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu, ta fi kowa jin kai a gaba. Hon, mai naɗaɗɗen bututu, da hannun hagu ake danna shi, na dama na cikin faffaɗan bakin da sauti ke fita, kuma sautukansa sun matsu da juna har yaro kan danna daidai ya fitar da wanda ba shi ba, don haka masu kaifin kunne ake ba. Turombon ba shi da maɓalli, bututu ake ja ana turawa a matsayi bakwai, na shida da na bakwai kan yi wa ɗan gajeren hannu nisa a shekarar farko. Yufoniyom da tuba su ne ginshiƙin ƙasa da duk ƙungiyar ke tsaye a kai.

Gida na uku na kaɗe-kaɗe ne, kuma a nan yaranmu suka fi shan mamaki. Yaro ya ga ganga ya ɗauka dukanta kawai zai yi. Alhali rabin aikin shekarar farko a kan jerin 'yan ƙarafa ne da ake bugawa da sanda kowanne da sautinsa, dole ya karanta rubutu kamar kowa, ɗaya rabin kuma a kan faifan roba marar ƙara. Gurbin kaɗan ne, wasu malaman ma sukan fifita wanda ya taɓa fiyano.

Shawarata a nan biyu ce. Ta farko, yaro ya je da zaɓi biyu ko uku a ransa, ya kuma saurari malamin. Abin da ya fitar wa sauti mai kyau cikin minti biyar shi zai ba shi daɗin ci gaba, ko da ba shi abokinsa ya ɗauka ba. Ta biyu, kada ku raina kayan da ba a rububinsu. Tuba, yufoniyom, hon, basun da obo galibi makaranta ce ke da su, tana ba da aro kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan na shekara, kuma mai busa su ba ya rasa gurbi a ƙungiyoyin zaɓaɓɓu daga baya. Gidan da kuɗi ya yi wa ƙaranci, wannan ƙofa ce babba. Babu kuma wani abin busa da aka ware wa maza ko mata. Yarinya mai hijabi na busa filut ko turombon ba tare da wani cikas ba.

Haya, saye ko aro

A shekarar farko ku yi haya. Kantunan kayan kiɗa da ke hulɗa da makarantu suna da tsarin da kuɗin hayar wata-wata ke taruwa ya zama kuɗin saye idan yaro ya ɗore, idan kuma ya canza ra'ayi a mayar musu. A wurare da yawa hayar filut, kilarinet, turampet ko turombon kan kama daga wajen dala 20 zuwa 40 a wata, saksofon ya ɗara haka. Za su tambaye ku ko a ƙara 'yan daloli na inshorar gyara da ɓata. Ku ce a ƙara. Ɗan shekara 11 ne zai riƙa hawa motar makaranta da abin nan kullum. Ku karanta takardar yarjejeniyar, ku san ranar da ake cire kuɗi da yadda ake dakatarwa.

Za ku ga sabbin kaya masu walƙiya a intanet, wasu ja wasu shuɗi, a kan kuɗin da bai kai hayar wata huɗu ba. Ku kau da kai. Ƙarfensu mai laushi ne, maɓallan kan lanƙwashe cikin makonni, iska na zurarewa, masu gyara da yawa ba sa karɓarsu domin babu kayan canji. Abin da ya fi ciwo shi ne yaron bai san laifin kayan ba ne. Zai ga na kusa da shi na fitar da sauti shi ya kasa, sai ya yanke wa kansa hukuncin ba shi da baiwa. Idan saye za ku yi, tsohon Yamaha, Bach, Jupiter, Gemeinhardt ko Buffet da mai gyara ya duba ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ku tura wa malamin hoto da lambar samfurin kafin ku biya. Ba sa jin nauyin wannan tambayar, sun fi son a yi ta. Kilarinet ta mai koyo ta roba ce mai ƙarfi, ba ta katako ba, domin katako na tsagewa da sanyi.

Idan ko hayar ta fi ƙarfinku, ku rubuta wa malamin imel gajere ku faɗa masa gaskiya. Kusan kowace makaranta na da kayan aro a ajiye, kuma iyalan da yaransu ke cin abincin rana kyauta ko a rangwame sukan sami sassaucin kuɗaɗen makaranta. Malamin ba zai yi shela ba. Kunya a nan yaronku kawai za ta cuta.

Sai ƙananan kaya. Mai kilarinet ko saksofon na buƙatar kwalin rid mai guda goma, mai lambar tauri 2 ko 2½, na Rico ko Vandoren, da man shafa wa gaɓoɓi, da tsumma mai igiya na goge ciki. Mai turampet na buƙatar man fistin, mai turombon man bututu da 'yar kwalbar fesa ruwa. Kowa na buƙatar fensir, ba biro ba, da littafin koyo da malamin ya zaɓa, sau da yawa Essential Elements ko Standard of Excellence, kuma ku tabbata kun sayi na abin busan yaronku domin kowanne da nasa. Ku ƙara da ƙarfen ɗora takarda mai naɗewa na gida. Yaron da ke shimfiɗa littafi a kan gado yana busa a sunkuye, numfashinsa da zamansa duka za su lalace. Ku rubuta suna da lambar waya a jikin akwatin, ku kuma ɗauki hoton lambar da aka zana a jikin kayan.

Makonnin farko

Idan kayan ya iso gida kafin a fara aji, a bar shi a rufe har malami ya nuna yadda ake haɗawa. Yawancin ɓarnar farko wajen haɗawa ake yin ta. Akwati a ƙasa ake buɗe shi, tambarin kamfani na sama, ba a kan cinya ba.

Sati biyu ko uku na farko ba za ku ji waƙa ba. Mai filut kan sarewar kawai zai riƙa busawa, mai kilarinet zai yi ta tsiwa mai kaifi, mai tagulla zai yi ta furzar da leɓe a cikin kofin ƙarfe. Haka ake so. Ana gina zama ne: a gefen kujera, baya a miƙe, tafin ƙafa biyu a ƙasa, numfashi daga ciki ba ɗaga kafaɗa ba, kumatu ba a kumbure ba. Wannan kuna iya dubawa da idonku ba sai kun san kiɗa ba.

Rubutun kansa bai kai yadda yake ba da tsoro ba. Layuka biyar ne a kwance, ana ɗora ɗigo a kan layi ko a tsakanin layuka, kowane wuri da harafinsa daga A zuwa G. Ɗigo ya hau sama, sauti ya tashi. Siffar ɗigon ke faɗin tsawonsa: farin da ba shi da sanda bugu huɗu, fari mai sanda bugu biyu, baƙi mai sanda bugu ɗaya, baƙi mai sanda da wutsiya rabin bugu. Da sautuka biyar ake farawa, kuma da su ake yin duk 'yan waƙoƙin zangon farko.

Akwai abu ɗaya da ke rikita yara har su zo gida da kuka. Kayan ba su da harshe ɗaya. Idan malami ya ce kowa ya busa Concert B-flat, wato sautin da ke ɗan ƙasa da B, mai filut da mai turombon B-flat za su busa, mai turampet da mai kilarinet C, mai alto saksofon G, mai hon F, amma abin da zai fito sauti ɗaya ne. Don haka idan ɗanku ya ce littafin abokinsa ya saɓa da nasa, babu wanda aka yi wa kuskure.

Atisaye a gida

A nan ake cin nasara ko a faɗi. A aji yara talatin ko hamsin ne a gaban malami ɗaya; abin da yake yi shi ne nuna hanya. Tsokar leɓe da sabon yatsu a gida suke ginuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe hadda ya san shafi ɗaya kullum ya fi hizifi guda a dunƙule ranar Lahadi, to haka leɓen mai busa yake. Minti 15 zuwa 20 a rana, kwana biyar ko shida a mako, ya isa a watannin farko. Zuwa ƙarshen shekara a kai 30.

Ku tsayar da lokaci ɗaya da ba ya motsi, misali da an dawo makaranta an huta kafin a tafi Islamiyya, ko bayan la'asar. Lokacin da aka bari sai an sami sarari ba ya zuwa. A kashe talabijin, a janye ƙanne.

Ga yadda minti ashirin ɗin za su tafi. Uku na farko dogayen sautuka: ya ja numfashi, ya riƙe sauti ɗaya tsawon bugu takwas ba rawa ba yankewa, ya koma na gaba. Yara na ƙin wannan saboda ba daɗi, alhali shi ne ke raba mai sauti mai kauri da mai sauti kamar na kuka. Sai minti uku ko huɗu na hawa da sauka a jerin sautuka. Sannan minti goma a kan layukan da malami ya bayar, kuma a nan kunnenku zai yi aiki. Yaro in an bar shi zai fara daga farko, ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ya koma farko, ya sake tuntuɓe a nan, har lokaci ya ƙare. Idan kun ji haka ku leƙa ku ce: “Ɗan nan, tsaya a wurin da kake faɗuwa. Zagaye shi da fensir, ka yi shi a hankali sau biyar.” Ya fara tafa karin da hannu yana ƙirgawa da baki, sannan ya danna yatsun ba busa, sannan ya busa a hankali. Sai ya yi daidai sau uku a jere zai ƙara sauri. Mintunan ƙarshe nasa ne, ya busa abin da yake so.

Akwai manhajojin waya da ke ƙirga bugu da waɗanda ke nuna ko sauti ya hau ko ya sauka daga inda ya kamata. Akwai na kyauta, malamai da yawa kuma na son TonalEnergy. Amma abin da ya fi su amfani kyamarar wayarku ce. Ku ɗauke shi a watan Satumba, ku sake a Disamba, ku nuna masa biyun. Shi da kansa ba ya jin ci gabansa.

Malamai da yawa na ba da takardar rubuta mintunan atisaye da iyaye za su sa wa hannu duk mako. Kada ku sa hannu a kan abin da ba a yi ba. Malamin zai gane daga busa ɗaya, yaron kuma ya koyi cewa sa hannun mahaifinsa ba ya nufin komai.

Masu zama a gidajen haya masu hawa, ku ƙwanƙwasa wa maƙwabta tun farko ku gaya musu lokacin, kada ya wuce ƙarfe takwas na dare. Busa cikin ɗakin ajiye tufafi a buɗe na rage ƙara sosai. Akwai toshiyar da ake sa wa turampet da turombon, amma kada ta zama ta kullum domin tana canza yadda iska ke tafiya. Wasu malaman kan buɗe ɗakin badujala kafin a shiga aji ko bayan an tashi, ku tambaya.

Sannan a kiyaye baki. Yaro zai yi ƙara marar daɗi wata biyu, dole ne. Idan yayyensa suka mayar da shi abin dariya, ko aka riƙa kiransa maroƙi, zai daina fito da kayan daga akwati ba tare da ya ce muku komai ba.

Kulawa da kayan

A kurkure baki kafin busa. Sukari da ɓurɓushin abinci ne ke manne maɓallai. Bayan an gama a zura tsumma a goge danshi, a cire rid a mayar da shi gidansa. A riƙa juya rid uku ko huɗu, wanda ya tsage a baki ko ya yi baƙi a jefar. Rabin tsiwar kilarinet daga mataccen rid take. Fistin turampet kowanne da lambarsa da fuskar da yake kallo, a cire ɗaya a sa mai a mayar kafin a taɓa na gaba. Kada a bar kayan a mota, ko da zafi ko da sanyi. Idan kofin bakin turampet ko turombon ya maƙale, iyaye maza ku ajiye filaya. Malamin na da ɗan ƙarfen cire shi cikin minti ɗaya, filaya kuwa murɗe bututun take yi a koma biyan kuɗi mai yawa.

Gwaji, kujeru da ranar wasa

Lokaci-lokaci malami zai sa kowa ya busa layi shi kaɗai, a aji ko ta bidiyo. A makarantu da yawa da wannan ake jera yara: kujera ta ɗaya, ta biyu, har ƙarshe. Jerin na canzawa. Kada ya zama abin da kuke tambaya kullum a kan abinci.

Wasan gaban iyaye galibi biyu ne, ɗaya a Disamba ɗaya a Mayu, kuma halartarsu na cikin maki. Tun makon farko malamin ke raba kalandar shekara. Ku manna ta a jikin firij, masu aikin dare ku nemi canji da wuri. Ana farawa wajen 6:30 ko 7 na yamma, yara kuma su iso rabin awa ko fiye kafin nan. Sutura yawanci baƙi ne sama da ƙasa, ko farar riga da baƙin wando, har da baƙin takalmi da safa. Doguwar baƙar riga mai dogon hannu da baƙin hijabi sun shiga tsarin, sai dai a sanar da malamin tun da wuri. Ku je. Wasan 'yan aji 6 bai fi minti 15 ba, amma yaron zai ɗaga kai ya nemi fuskarku a cikin jama'a. Ku zauna har sauran azuzuwan su gama, shi ma ya ji yadda 'yan aji 8 ke busa, ya san inda aka nufa.

Ga iyaye Musulmi akwai abubuwa uku da za a faɗa wa malamin tun Satumba, ba ana gobe wasa ba. Wasan Disamba kan ƙunshi waƙoƙin lokacin Kirsimeti. Ku nemi jerin, idan akwai wadda ba ku yarda da ita ba ku tambayi aikin da zai maye gurbinta. Na biyu salla: a birni irin New York rana na faɗuwa wajen 4:30 a Disamba, babu matsala, amma a Mayu sai wajen 8, wato magariba na iya riskarku a zauren. Na uku azumi. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, daidai lokacin da makarantu ke shirin zuwa gaban alƙalan kiɗa masu ba da daraja. Busa da busasshen baki na da wuya. Yaron da ke azumi ya jiƙa rid a ɗan kofin ruwa maimakon baki, ya mayar da atisayen gida bayan shan ruwa, malamin kuma ya san dalilin da ƙarfinsa ya ragu. Ranar Idi a rubuta takardar uzuri tun kafin ta zo.

Ranar da zai ce ya gaji

Za ta zo, galibi a Janairu ko Fabrairu. Ɗokin sabon abu ya wuce, wasan farko ya wuce, darasi ya yi tauri. A lokacin ne mai kilarinet ke fara tsallakawa zuwa sautukan sama, inda dole yatsu kusan duka su rufe lokaci ɗaya, ramin da ya ɗan buɗe kuwa tsiwa zai ba shi. Mai turampet na fama da sautukan sama, idan kuma an sa masa wayar gyaran haƙora sai ya ji kamar an mayar da shi baya. Akwai kakin da robar da ake rufe wayar da su, leɓen na sabawa cikin makonni.

Kafin ku yi masa faɗa ko ku sallama, ku kai kayan a duba. Iska mai zurarewa ta ɗan rami kan sa yaro mai ƙoƙari ya zama kamar malalaci. Idan kayan lafiya lau, ku tambayi malamin ko canji zai taimaka. Mai wahala a turampet sau da yawa yakan sake a yufoniyom. Darasin sirri na rabin awa a mako, ko da na wata biyu ne, yana warware abin da aji ba zai iya ba, kuma ɗaliban babbar sakandare ko na jami'a kan koyar da araha. Yarjejeniyar da nake ganin ta fi adalci ita ce a gama shekarar da aka fara, a yi wasan Mayu, sannan a zauna a yi magana.

Aji 7, aji 8 da abin da ke gaba

Daga shekara ta biyu ake raba yara ƙungiya-ƙungiya bisa gwaji, ƙofofi kuma su buɗe. Akwai ranar da yaro zai busa shi kaɗai ko da abokai biyu-uku a gaban alƙali a ba shi daraja, a wurare da yawa daraja ta ɗaya, wadda ake rubutawa I, ita ce mafi girma. A jihar New York ƙungiyar kiɗan makarantu ta NYSSMA ke shirya wannan, da matakan wuya daga 1 zuwa 6. A Texas hukumar gasannin makarantu ta UIL ke tantance ƙungiya gaba ɗaya, har da ba su waƙar da ba su taɓa gani ba su karanta nan take. Texas ɗin tun 1984 take da dokar da ke hana ɗalibin da ya faɗi wani darasi shiga gasa, don haka malamin badujala kansa zai riƙa bin makin lissafin ɗanku. Akwai kuma ƙungiyoyin zaɓaɓɓu na gunduma ko yanki da ake shiga ta gwaji. Za a gayyace ku ƙungiyar iyaye masu tara kuɗin tafiye-tafiye. Ko ba ku da abin bayarwa, ɗaukar kujeru ko raka yara a mota gudummawa ce, kuma a nan ake jin labarin tallafi kafin ya ƙare.

A tsakiyar aji 8 za a sake kawo takardar zaɓe, wannan karon ta babbar sakandare, inda badujalar fareti take. Nauyinta daban ne: kuɗin shekara ya fi yawa, akwai wasa a filin ƙwallon Amurka kusan kowace Juma'a da dare daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, akwai gasa ranakun Asabar. Sannan akwai sansanin horo na mako ɗaya zuwa uku a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, inda ake raba wa kowa wurin tsayuwarsa a fili, wanda bai zo ba kuwa yana iya rasa gurbi. Wannan ya faɗa daidai lokacin da iyalai da yawa ke tafiya hutu Kano, Yamai ko Kumasi. Ku nemi ranakun sansanin daga malamin babbar sakandaren tun watan Fabrairu, kafin ku sayi tikitin jirgi.